Wata Biyar Ina Sassaƙa Bango, Yaushe Zan Fara Haɗa Wuta?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 19. Bayan na gama sakandare mahaifina ya kai ni wurin wani abokinsa mai aikin wayarin domin in koyi sana'a. Yau wata biyar ke nan, amma aikina bai wuce sassaƙa bango, ɗaukar tsani, jan waya a fayif, share wuri da zuwa sayen abinci ba. Ko sau ɗaya maigida bai bar ni na haɗa dibi (akwatin raba wuta) ba, in na matso kusa ma sai ya ce in je in kwashe ƙasa. Babban yaronsa kuwa da wuta a jiki yake aiki, yana yi mini dariya wai ni matsoraci ne don ina cewa a kashe. Abokina da muka fara tare a wurin wani oga har ya fara karɓar aiki da kansa. Yanzu wani maƙwabcinmu ya ce in ja masa wuta a ɗakuna biyu da ya gina, in kuma haɗa masa janareta, zai ba ni naira 20,000. Ina ganin zan iya. In karɓa ba da sanin maigida ba? Ko in bar wurinsa in nemi wani? Ji nake kamar ɓata mini lokaci ake yi, ga shi ina jin nauyin mahaifina.

Wani ɗan koyo, Rigasa, Kaduna

Wa alaikumus salam ɗana. Ban ga laifinka ba da ranka ya sosu. Wata biyar da guduma da cizal, ƙura a hanci, kanta a tafin hannu, ga sa'anka yana shigowa unguwa da kuɗi a aljihu, dole zuciya ta yi ta saƙa da warwara. Bari in ba ka amsar tun daga farko sannan in kawo dalilai. Kada ka karɓi aikin maƙwabcinka a ɓoye, kada kuma ka bar maigidanka yanzu. Zaman shiru ma ba zai fisshe ka ba, akwai maganar da ya kamata ka yi da shi, akwai kuma aikin da za ka ɗora wa kanka tun daga wannan makon.

Mu fara da sassaƙar bangon da kake rainawa. A gidan da ake binne wayarin a bango, rabin ingancin aikin ya riga ya tabbata ko ya lalace kafin a warware waya ko ɗaya. Ka lura da yadda maigida yake ja layi da alli ko gawayi kafin ya ce ka sara. Layin ko dai ya miƙe tsaye daga akwatin soket ko na makunni, ko ya tafi a kwance, ba ya ratsawa a karkace. Dalili kuwa, in an yi filasta an shafa fenti babu mai ganin inda fayif ya bi. Mai gidan da zai buga ƙusar rataye agogo, ko kafintan da zai kafa sandar labule, zai iya kauce wa layin da ya miƙe daga soket, amma wanda ya ratsa tsakiyar bango sai dai a ji ƙusa ta shige shi. Zurfin ramin ma da lissafinsa. Fayif mai milimita 20 so yake ya nutse ya bar wa siminti wuri a kansa, in ba haka ba filasta ta tsage a bisa layin nan da 'yan watanni, in kuma ka zurfafa a bulo mai inci 6 sai ka huda shi ka raunana bango. Akwatin soket yawanci santimita 45 ne daga daɓe, na makunni tsakanin 120 da 135, kuma daga daɓen da za a gama har da tayil ake aunawa. Yaron da ya auna daga ƙasar da yake takawa yau, bai tambayi magini inda daɓe zai tsaya ba, shi ne za ka shiga falo ka ga soket ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Haka shimfiɗa fayif ɗin. In za a lanƙwasa, sifirin ake zurawa ciki a lanƙwasa a hankali a kan gwiwa, don idan aka gasa shi a wuta ko aka karya da hannu, wurin zai tsuke, ranar jan waya a nan za ta maƙale. Tsakanin akwati da akwati kada kwana ta wuce biyu. Kowace mahaɗa a shafa mata gam. Kafin masu filasta su zo, a cusa takardar buhun siminti a kowane akwati da bakin kowane fayif, domin ruwan siminti in ya shiga ya daskare, sai an sake fasa bangon da aka riga aka gyara, kuma a kan mai wuta za a ɗora asarar. Ranar zuba dakin, wato rufin kankare, kuwa, ka roƙi maigida ya bar ka a wurin tun safe har a gama. Leburori da kwanon kankare a ka ba fayif ɗinka ne a gabansu ba, za su taka, mahaɗa ta zare, akwatin fitila ya goce daga inda aka kafa shi. Wanda ya tsaya a kai yana gyarawa nan take ya ceci aikin kwana da kwanaki.

A jan waya ma ka san cewa mai turawa ya fi mai ja muhimmanci. Shi ke miƙar da wayoyin kada su harɗe, shi ke kare su kada bakin akwati ya kankare rigarsu. Ba a yin haɗi a cikin fayif ko da waya ta gaza da taƙi ɗaya, a zare ta a sa wata, saboda haɗin da ba a gani shi ke yin zafi a ɓoye. A bar saura kamar santimita 15 a kowane akwati, a yi wa kowace da'ira alama da tef a ɓangaren dibi. Kada a cika fayif maƙil, waya tana buƙatar sarari ta fitar da zafi. Ya kamata a ce yanzu ko cikin barci aka tashe ka ka san cewa waya mai kaurin 1.5 ta fitilu da fanka ce, 2.5 ta soket, 4 ta esi da hitar wanka, 6 ta kukar girki mai lantarki, 10 ko 16 kuma ita ke shigo da wuta daga mita zuwa dibi gwargwadon nauyin gidan. Ja ita ce layif mai ɗauke da wuta, baƙa nutural da wutar ke komawa ta cikinta, koriya ko koriya da ratsin rawaya ta atin mai kai wutar da ta zurare ƙasa. A igiyar kayan wuta da wasu sababbin wayoyi za ka tarar da ruwan ƙasa a matsayin layif, shuɗiya a matsayin nutural, sai ka kiyaye don a tsarin layi uku na dā shuɗiya mai wuta ce.

To ka ga abin da ya sa dibi yake zuwa a ƙarshe. Akwatin raba wutar nan ɗaure waya a cikinsa ba wuya, yaro mai wata biyu zai iya. Hukuncin da ke cikinsa ne mai nauyi. Bireka aikinta kare waya, saboda haka da kaurin waya ake zaɓenta: amfiya 10 ko ƙasa da haka ga 1.5, amfiya 20 ga layin soket na 2.5 da ya tafi kai tsaye. In aka ɗora bireka mai 32 a kan 1.5, waya za ta narke a cikin silin bireka tana zaune ba ta faɗi ba. A gidan da ke da layi uku, in nutural ta yi sako-sako ko ta zare, wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 230 sai ta haura ta doshi 400 a wani ɓangaren, talabijin da firji da caja su ƙone a lokaci guda. In haka ta faru ba kai mai gida zai nema ba, maigidanka zai kama, shi zai biya, sunansa ne kuma zai ɓaci a unguwa. Ka sa kanka a matsayinsa. A watannin farko abin da yake dubawa a jikinka shi ne ko awon da ya ba ka shi kake bi, ko kana faɗin gaskiya in ka fasa fayif maimakon ka lulluɓe da siminti, ko kuma za a iya barinka kai kaɗai a gidan mutane.

Yanzu maganar babban yaron, wadda ta fi komai damuna a wasiƙarka. Kai ne a kan daidai, kuma kada dariyarsa ta sa ka sauka. Wutar da ƙaramin ƙwai mai wat 15 yake ja ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, amma in ta ratsa ƙirjin mutum ta isa ta rikita bugun zuciya. Wanda ya daɗe yana taɓa wuta bai mutu ba, busasshen takalmi da busasshiyar ƙasa ne suka yi ta rufa masa asiri. Ranar da ya tsaya a jiƙaƙƙen daɓe da damina, ko gumi ya jiƙa masa riga a cikin silin, ko ɗaya hannun ya dafa rodi, labarin ya sauya. Akwai gwajin da ba ya yiwuwa sai da wuta, wannan na ƙwararru ne da kayan aiki masu rufi, ɗan koyo ba ruwansa da shi. Ka girmama shi, ka kira shi yaya, ka ɗaukar masa jaka, kada ka yi musu da shi a gaban mai gida. Amma in ya ce ka riƙe waya mai wuta, ka ce masa a hankali, "Yaya, a yi haƙuri, bari in kashe tukuna." In ya matsa, ka kai maganar ga maigida a keɓe.

Kashewar ma da yadda ake yinta, kuma ita ce abu na farko da ake son ɗan koyo ya ƙware a kai. "An ɗauke wuta" ba kashewa ba ce, kai ma ka san a Kaduna ana iya dawo da ita kana tsaka da murɗa waya. Ka sauke babbar bireka, ka zare fis ɗin katawut ka sa a aljihunka, don kada wani yaro ko matar gida su mayar da shi da kyakkyawar niyya. Sannan ka tambaya: akwai janareta? Akwai inbata ko sola? An jawo layi daga maƙwabta? Gidaje da yawa yanzu hanyar wutarsu biyu ce ko uku, inbata kuma shiru take aiki, soket yana nan da wuta ko da unguwa duk duhu ne. Bayan haka sai gwaji. Testa mai kama da sukudireba ba abin jingina rai ba ce, a hasken rana ba a ganin kamawarta sosai, in kana kan tsanin katako ko takalmin roba haskenta yakan dushe, wani lokaci kuma ta kama a wayar da ba ta da wuta. Ka yi amfani da maltimita. Ka fara gwada ta a inda ka tabbata akwai wuta, sannan ka auna tsakanin layif da nutural, layif da atin, nutural da atin, ka sake komawa ka gwada mitar don ka tabbata ba ita ce ta mutu a hannunka ba. Duka bai fi minti biyu ba. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Tsanin ƙarfe kada ya kusanci wayar da ta sauko daga falwaya. In za ka yanka bango da giranda ka sa tabarau da takunkumi, ƙurar siminti tana taruwa a huhu. A cikin silin katakon kawai ake takawa.

Ka kuma san abin yi in wuta ta kama wani a gabanka. Kada ka cafke shi, ku biyu za ta riƙe. Ka kashe daga tushe, in ba hali ka ture shi da busasshen katako. Kada a watsa masa ruwa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Sai aikin maƙwabcinka. Ɗakuna biyu, ƙwai biyu, fanka biyu, soket huɗu, na yarda hannunka zai iya ɗaurawa. Amma ka amsa wa kanka waɗannan. Daga ina za ka ɗauko wutar, kuma wayar da ta shigo gidan tun asali za ta ɗauki ƙarin nauyi? Gidan yana da sandar atin a ƙasa, ko koriyar wayar a iska take? Akwai bireka mai gano zurarar wuta, irin mai milli-amfiya 30 da ake kira ELCB ko RCD? Kana da abin da za ka auna lafiyar rigar waya da shi kafin ka saki wuta? Maigida yakan yi wannan da na'urar awo da ake kira mega a kan bolt 500, yana neman aƙalla megohm 1. In amsar ɗaya daga ciki ita ce "ban sani ba", to aikin bai zama naka ba tukuna.

Janaretan ya fi ɗakunan haɗari nesa ba kusa ba. Dole sai da canji-oba mai yanke layif da nutural gaba ɗaya, yadda wutar kamfani da ta inji ba za su taɓa haɗuwa ba. Abin da wasu ke yi na sa filogi a bakin waya biyu a soka a soket, ko a dogara da cewa za a tuna a zare fis, shi ke kashe mutane. In aka manta sau ɗaya, wutar janareta za ta fita ta bi layi ta shiga taransifoma ta baya, ita kuma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000 a kan wayar da ma'aikaci ya hau yana ganin a kashe take. In kuma aka dawo da wuta inji yana aiki, injin ya ƙone, wani lokaci har da gobara. Ga wani abu kuma da nake so ka shirya masa: a irin wannan aikin na maƙwabta ne ake cewa yaro "ɗan zagaye mana mita." Satar wuta laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, in ma'aikatan Kaduna Electric suka gano za su yanke layin su ci tara, kuma tambayar farko da za a yi ita ce wa ya haɗa.

Ga yadda za ka juya wannan tayin ya zama alheri. Ka je wurin maƙwabcin ka ce, "Baba, na gode da ka tuna da ni. Ban kai in yi ni kaɗai ba tukuna, amma bari in kawo maigidana ya duba ya yi maka lissafi, ni zan yi aikin a gabansa." Sannan ka kai wa maigida. Yaron da ya kawo ciniki gida maimakon ya ɓoye, ya faɗa wa maigidansa abin da wata shida na ladabi ba za su faɗa ba. A nan ne kuma kake da bakin roƙo: ka ce a bar ka ka yi fayif da jan waya da ɗaura soket da kanka, shi ya duba, ya haɗa canji-oba kana kallo. Kuɗin da zai shigo hannunka ba zai kai 20,000 ba, wataƙila ma na sabulu ne kawai. In maƙwabcin ya ce shi ba ya son maigida saboda tsada, to ka gane arha yake nema, kuma ranar da wani abu ya ƙone ba zai tuna arhar ba. Ga shi ƙofa da ƙofa yake da mahaifinka.

Abokinka kuwa, kada ka auna kanka da shi. Mai yiwuwa ogansa gyare-gyaren cikin gari yake yi, inda yaro ke saurin taɓa soket da fanka, naka kuma sababbin gine-gine, inda ake daɗewa a bango. Mai yiwuwa kuma sakaci ne aka sake shi da wuri. Daga nesa ba za ka bambance ba.

Duk da haka ba zan wanke maigidanka tas ba. Akwai masu riƙe yaro shekara biyu ko uku a matsayin leburan da ba a biya, suna ɓoye masa aiki don kada gobe ya zama kishiya, kuma wannan zalunci ne ko da abokin uba ne ya yi. Korar da yake yi maka in ka matso kusa da dibi ba ta yi mini daɗi ba. Hana ka taɓawa daidai ne, hana ka kallo kuwa ba shi da hujja. Sai dai kafin ka yanke masa hukunci, ka tabbata ya san abin da ke ranka, don da yawa daga cikinsu haka aka koya musu, ba sa bayani sai an tambaya. Ka nemi lokacin da aiki ya yi kyau an tashi, ba a gaban mai gida ko sauran yara ba, ka rage murya ka ce, "Baba, alfarma nake nema. In za a haɗa dibi a bar ni in tsaya ina miƙo kaya ina kallo, zan kwashe ƙasar kafin nan ko bayan an gama. Kuma ina so a gaya mini abin da ya rage in gyara kafin a fara ba ni soket da makunni." Kada ka ambaci abokinka, kada ka ce ana ɓata maka lokaci.

Kafin wannan maganar, ka tanadi abin nunawa. Ka sami falankin katako, ka roƙi guntayen waya da tsofaffin makunnai da aka cire, ka haɗa ƙwai ɗaya da makunni ɗaya. Layif ce ke bi ta makunni, nutural ta wuce kai tsaye zuwa ƙwai. In aka juya, fitila za ta mutu amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta, mai canza ƙwai ya sha shokin. In wannan ya zauna, ka haɗa makunni biyu masu kunna fitila ɗaya, irin na matakala: layif ta shiga kwamon na farko, wayoyi biyu su haɗa L1 da L1, L2 da L2, kwamon na biyu ya tafi ƙwai. Kada ka sa wa allon wuta a gida, ka gwada shi da ƙarar maltimita, sannan ka kai wa maigida ya duba. Ka yi ta koyon fere waya har ka daina yi wa jan ƙarfen rauni, don inda wuƙa ta ɗan ci nan take karyewa daga baya. Kowace waya ka ɗaure, ka ja ta ka ji ko ta kama, kada kuma jan ƙarfe ya leƙo waje. Yawancin soket ɗin da za ka gani ya yi baƙi ya narke, sako-sakon ɗauri ne ya jawo.

Ka sayi ƙaramin littafi. Kowane gida kuka yi, ka zana ɗakunan, ka nuna inda fayif ya bi, ka rubuta da'ira nawa, wace waya, wace bireka. Ka riƙe lissafi ɗaya: wat a raba da bolt, shi ne amfiya. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, dutsen guga mai 1,200 yana jan 5 da ɗoriya, soket kuwa 13 ne iyakarsa, ka ga su biyun a kan jona ɗaya sun riga sun wuce. Kai da ka gama sakandare wannan ba zai ba ka wuya ba, kuma shi ne zai sa wata rana ka iya ba mai gida dalilin abin da ka ce ya saya. Aiken kasuwa ma karatu ne. In an tura ka Kasuwar Sheikh Gumi ko wani shagon kayan wuta, ka karanta rubutun jikin waya, ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, ka kankare bakinta. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye. Ka karɓo rasit, ka dawo da canji ko na naira 50 ne.

Wannan na ƙarshen kada ka ɗauke shi ƙarami. Sana'ar nan har uwar ɗaka take shiga da mutum. Ka yi sallama ka jira izini, ka tsare idonka a gidan matan aure, kada ka ɗaga abin da ba a ce ka ɗaga ba. Guntayen jan ƙarfe da suka rage na mai gida ne ko na maigidanka, kada ka kai wa 'yan gwangwan sai an ce ka ɗauka. Kada ka faɗa wa mai gida farashi, kada ka ba shi lambarka a bayan idon oga. Yara da yawa masu hannu mai kyau a nan suka rasa wurin zama.

Bayan kun yi magana, ka ba shi wata uku kana lura. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ya fara barinka ka tsaya a dibi, yana ba ka soket da makunni yana dubawa, yana amsa tambaya ko da da faɗa ne, to ana koya maka, ka zauna. In wata uku sun wuce ba abin da ya motsa, ko aka tilasta maka taɓa wuta, sai ka sa mahaifinka a ciki. Nauyinsa da kake ji abu ne mai kyau, amma shi ma sana'a ya kai ka ka koyo, zai fi son ya ji daga bakinka da ya ji a gari cewa ka daina zuwa. Ka tambaye shi abin da suka yi da abokinsa tun farko: shekara nawa, akwai kuɗin koyo, yaushe ne yaye. Sau da yawa ba a yanka komai ba, an dai ce "ga ɗanka nan", kuma rashin wa'adin ne ke sa yaro ya ga kamar ba ranar fita. Su manya su zauna su sa lokaci. In ta kama a rabu, mahaifinka ne zai je ya yi godiya ya nemi a sallame ka, don masu wayarin a garin nan sun san juna, sabon maigida kuma sai ya tambayi tsohon kafin ya karɓe ka.

Ko ka zauna ko ka tashi, ka sa takarda a lissafinka, domin manyan ayyuka da kamfanoni suna tambayarta. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na 3, sai na 2, sai na 1. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fannin kasuwanci da fasaha. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ita ke kula da tsarin NSQ da ake ba masu sana'ar hannu shaida a kan abin da suka iya. In sakamakonka na sakandare yana da kiredit ɗin da ake buƙata, har da lissafi da fizis da Turanci, kana iya neman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ka karanta fannin lantarki, kana zuwa aiki a ranakun da ba karatu. Can gaba kuma akwai shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba ingancin haɗa wuta da tantance masu yin sa. Ka sanar da maigida kafin ka yi rajistar kowanne, ka nemi ya sa maka albarka, kada ya ji a bakin wani. Allah ya tsare ka, ya sa wa hannunka albarka.